Ana Hana Mara Lafiya Ruwa?

Ƙarfe 2 na dare ya ɗan gota lokacin da na sa babban yatsana na murza 'yar tayar da ke jikin robar ƙarin ruwa, ɗigon ya tsaya. Ban kai ga komawa kujerata ba sai ga ɗan Baba a bakin gilashin ƙofa yana yafito ni. Tun da aka kawo mahaifinsa ɗakinmu na kulawa ta musamman bai runtsa ba, kuma daga inda yake tsaye abu ɗaya kawai yake iya gani sosai, wato ledar ruwan da ke rataye a sandar ƙarfe. Ita yake kallo dare da rana, yadda manomi ke kallon gabas a farkon damina.

"Sista, ruwan ya tsaya," in ji shi. "Ko allurar ce ta toshe?"

Na ce masa ba ta toshe ba, likita ne ya ce a tsayar, ni kuma na tsayar.

Ya yi jim, sannan ya rage murya. "In kuɗi ne, don Allah a faɗa mini. Akwai katan guda da na sayo jiya, ko buɗe shi ba a yi ba."

Na ce ba maganar kuɗi ba ce. Sai ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "To Sista, ana hana mara lafiya ruwa? Ko dabba ce ai ba a yi mata haka."

Shekarata 19 ina aikin jinya, 12 daga ciki a wannan ɗaki, kuma an sha yi mini tambayoyi masu zafi. Wannan ta fi zama mini a rai, domin daga tarbiyya ta fito, irin wadda ni ma aka yi mini. A gidanmu randa tana bakin zaure da moɗa a kanta, kuma kakata ba ta taɓa tambayar baƙo daga ina yake ba sai ya sha ruwa tukuna. Mun tashi muna jin labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na Nana Hajara tana kai da komo tsakanin duwatsu biyu tana nema wa jaririnta abin sha. Mai hali in yana son sadakar da za ta bi shi kabari, rijiya yake haƙawa ko ya yi wa unguwa burtsatse. A wurinmu ba da ruwa da tausayi sun haɗe har ba ma iya raba su. Wanda ya hana ruwa kuwa, ba ma neman wani suna da za mu kira shi, mugu ne.

Da asibiti ya shigo rayuwarmu, wannan fahimtar ta biyo mu har gadon jinya. Mutum zai je a duba shi, a ba shi ƙwayoyi masu kyau, ya dawo gida yana cewa ba a yi masa komai ba, don ba a rataya masa leda ba. In ana ba da labarin irin kulawar da wani ya samu, da leda ake ƙirgawa: an ƙara masa ruwa har leda 5. Kuma ba banza ba, gani ne ya kori ji. Duk wanda ya yi aiki a lokacin annobar amai da gudawa ya ga abin da ruwa ke yi. Za a kawo mutum a tabarma, idanu sun faɗa, fata ta yamushe, ka laluba wuyan hannu ba ka jin komai. Kafin leda ta 4 ta ƙare ya buɗe ido, da safe yana neman koko. Tun 1832 wani likita a ƙasar Sikotland, Thomas Latta, ya fara zuba ruwan gishiri a jijiyar masu kwalara, ya ga waɗanda aka fidda rai da su sun farfaɗo suna magana. Kusan shekara 200 ke nan ƙarin ruwa yana ceton rayuka. Ɗan Baba bai yi wauta ba da ya ɗora begensa a kan ledar nan.

Baba manomin rani ne, tumatir da albasa yake yi a fadama. Kututturen kara ya soke shi a tafin ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, ashe yana da ciwon suga bai sani ba. Kafin mako 2 ƙafar ta ruɓe, cuta ta shiga jini. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira sefsis: jiki ya tashi yaƙar ƙwayoyin cuta, sai yaƙin ya wuce gona da iri, ya juyo yana rushe gidan da ya fito karewa. Jijiyoyi su saki, jini ya faɗi ƙasa, gaɓoɓin ciki su fara rasa abin da ke ciyar da su. Ƙoda tana cikin na farko da ke jin jiki. Ita da kan tace kusan lita 180 a rana ta mayar da kusan duka cikin jini, ta zubar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari, sai ta yi shiru.

A awannin farko ruwa shi ne magani, babu musu. Ƙa'idar da ake bi a duniya ta ba da shawarar kusan mililita 30 ga kowane kilo na nauyin mutum a cikin awa 3 na farko, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ɓata lokaci ba. Baba kilo 60 ne, nasa ya kusa lita 2. Ƙaramin asibitin da ya fara karɓarsa ya ba shi wannan, kuma ina ganin shi ya sa ya kai ga zuwa wurinmu da rai. Inda aka samu matsala shi ne babu wanda ya ce ya isa. Duk wanda ya karɓi aiki zai duba ledar fitsari, ya ga babu komai, ya rataya wata ledar ruwa. Da muka zauna muka tattara takardunsa, leda 22 masu rabin lita aka ƙara masa cikin kwana 3. Abin da ya fitar bai kai lita 1 ba. Mutum mai nauyinsa ya kamata ya riƙa ba da aƙalla mililita 30 a kowace awa, shi kuwa 5 yake bayarwa, wani lokaci 8.

Ina ruwan ya tafi? A sefsis bangon ƙananan jijiyoyi yakan koma kamar rariya. Abin da ka zuba a jijiya ba ya daɗewa a ciki, sai ya tsiyaye zuwa cikin tsoka, da kogon ciki, da huhu. Kuma ba ruwa ne zalla ba. Kowace lita ta ruwan gishirin asibiti tana ɗauke da gishiri giram 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 take so mutum ya ci a yini. Lita 5 kaɗai gishirin kwana 9 ne, kuma ƙodar da za ta fitar da shi ta tsaya. Ita kanta ƙodar a naɗe take cikin wata fata mai tauri da ba ta miƙewa, in ta kumbura a ciki sai ta matse kanta. Manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga gare ta su ma sun cika maƙil, kamar kwatar unguwa in ta cika, ruwan cikin gida ba shi da inda zai bi. Daga nan duk ledar da aka ƙara don fitsari ya zo, ƙara nisanta shi take yi. Wani bincike da aka buga a 2009 kan masu raunin ƙoda a asibitocin Amurka ya nuna waɗanda ruwa ya taru a jikinsu har ya haura kashi 10 cikin 100 na nauyinsu sun fi sauran mutuwa. Gaskiya ne wanda ciwonsa ya fi tsanani shi aka fi ƙara wa ruwa tun asali, amma wanda ya tsaya a bakin gado ya san ruwan ma yana da nasa hannu. Baba ya haura wannan iyaka tun kafin ya iso mana.

Fatar idonsa ta kumbura har ba ya iya buɗewa sosai. Zoben azurfar da ke yatsansa sai da muka yanke. In na sa abin saurare a bayansa, sautin da nake ji kamar na tukunyar shinkafa da ruwanta ya kusa tsotsewa, tun daga ƙasan huhu har tsakiya. Duk da haka harshensa a bushe yake kamau, in ya farka kalma ɗaya yake faɗa: ruwa.

Na san wannan sauti. Na fara jin sa a 2008, ina shekara ta 2 da fara aiki, a ɗakin mata na wani asibiti. Yarinya ce mai jego, haihuwar fari, ba ta cika shekara 20 ba. A gida ta haihu, bayan kwana 5 zazzaɓi ya rufe ta, aka kawo ta tana sambatu, fitsari ya ɗauke. Abin da aka koya mana a lokacin ba shi da wuyar riƙewa: ƙodar da ba ta fitsari ƙishi take ji, a ba ta ruwa. Kuma ba mu muka ƙirƙiro ba. A 2001 wani likita a birnin Ditroit na Amurka, Emanuel Rivers, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da marasa lafiya 263. Waɗanda aka bi da su ta wani tsari na gaggawa, mai aune-aune da yawa da ƙarin ruwa sosai a awa 6 na farko, kashi 30.5 cikin 100 suka rasu, sauran kuwa 46.5. Duniya ta karɓa hannu bibbiyu. Kafin tsarin ya ratso ƙasashe ya iso ɗakunanmu, ya zubar da na'urorinsa da ma'aunansa a hanya, abin da ya rage mana kalma ɗaya ce, ruwa.

A daren nan ni kaɗai ce a kan gadaje kusan 30, likita ɗaya kuma yana tsakanin ɗakin haihuwa da na tiyata. Ya rubuta a ci gaba da ruwa da sauri har fitsari ya zo. Na ci gaba. Mahaifiyarta tana zaune a ƙasa kusa da gado da jaririn a cinya, duk ledar da na sauya sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Allah Ya ba ki masu yi miki." Wajen ƙarfe 3 numfashin yarinyar ya sauya. Ta ƙi kwanciya, tana riƙe ƙarfen gado tana neman a tayar da ita zaune. Na gani, kuma na ji. Na duba ledar fitsari babu komai, sai na rataya wata ledar ruwa. Ana kiran assalatu kumfa mai ruwan hoda ta fara fitowa ta hanci da baki. Ba mu da na'urar numfashi. Kafin gari ya waye ta cika.

Uwar ba ta zarge ni ba. Ta riƙe hannuna ta ce kwana ne ya ƙare, na yi iya yina. Ni ma haka na riƙa faɗa wa kaina har shekara 3.

A 2011 sakamakon wani gwaji da ake kira FEAST ya fito, wanda Kathryn Maitland da abokan aikinta suka yi a asibitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Yara 3,141 ne masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagaya jiki da kyau, fiye da rabinsu da maleriya. Wasu aka zuba musu ruwa da sauri, wasu aka bar su a kan ɗigon yau da kullum. Kowa ya zaci na farkon ne za su fi tsira. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka zuba wa suka rasu, na ɗaya ɓangaren kuwa 7.3, har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a awa ta farko yaran da aka zuba wa ruwan sun fi nuna alamun sauƙi. Ido ya ga taimako, iyaye sun ga taimako, ma'aikata sun ga taimako, lissafin gawarwaki ne kaɗai ya faɗi wani abu dabam. Daga baya masu binciken suka nuna yawancin waɗannan yara zuciya da jijiyoyinsu ne suka sake durƙushewa, ba huhu ne ya cika ba, don haka ba daidai suke da mai jegona ba. Amma a 2017 wani gwajin ya fito daga Lusaka ta Zambiya, a kan manya 209, yawancinsu masu ɗauke da cutar ƙanjamau, a asibitin da na'urar numfashi ke wuyar samu kamar namu. Waɗanda aka bi da tsarin ruwa mai yawa kashi 48 suka rasu, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kashi 33. Ranar da na karanta wannan ban iya cin abinci ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin zaure ne, shi ya biya mini littattafan fiƙihu na farko. Na je na same shi bayan la'asar, na ba shi labarin tun daga farko, na ce, "Kawu, ni na kashe yarinyar nan?"

Ya ce ajalinta ba ya hannuna, kuma wannan na sani. Ya ce malamai sun bambanta tsakanin mutum biyu. Wanda ya san aikin, aka ba shi izini, ya yi da ilimin da zamaninsa ya kai, sannan ya kuskure, ba su ɗora masa zunubi ba. Wanda suka ɗora wa lamuni shi ne mai taɓa jikin mutane ba da sani ba, ko wanda ya sani ya yi sakaci. Sai ya rufe littafin da ke gabansa ya ce, "Amma 'yar nan, duk wannan kin san shi tun kina ƙarama. Da ya ishe ki da ba ki zo ba. Mene ne sauran?"

Sauran shi ne ledar ƙarfe 3. Waɗanda suka gabace ta zan iya jingina su ga ilimin lokacin da rubutun likita. Ita kuwa ba zan iya ba, domin ko a 2008 an koya mana cewa mara lafiyar da ya kasa kwanciya saboda numfashi, a rage ruwa a kira likita. Na rataya ta ne don na kasa tsayawa hannu rabbana a gaban idon uwar. Na rataya ta don addu'arta tana yi mini daɗi, don in hannuna yana motsi tsoron da ke ƙirjina yana lafawa. In da an tambaye ni niyyata a daren, da na rantse taimako nake nufi, kuma ba ƙarya na yi ba. Sai dai da na buɗe niyyar na duba cikinta, na tarar rabinta na yarinyar ne, rabi nawa.

Mu mun saba in an ambaci niyya sai a rufe magana. Ai niyyarsa alheri ce, shi ke nan. Ni yanzu ina ganin a nan ne maganar take farawa. Wanda ya ce yana nufin amfanar wani ya ɗaukar wa kansa nauyin duba ko abin da yake bayarwa yana amfanar, kuma dubawar tana cikin niyyar, ba ƙari ba ce a kanta. Mutumin da ya shayar da karen nan ya ga harshensa a waje, ya gane ƙishi ne irin wanda shi ma ya ji, sannan ya sauka rijiya. Kallo ne ya zo da farko. Ladan yana wurin biyan buƙatar da aka gani, ruwa kuwa abin da buƙatar ta nema ne a ranar. Akwai tausayin da idonsa ke kan wanda ake tausaya wa, akwai kuma wanda idonsa ke kan hannun mai bayarwa, kuma daga waje kamarsu ɗaya. A daren mai jego idona yana kan leda.

Haka nan maganar ƙaddara. Na yi imani da ita, kuma na ga yadda take riƙe zuciyar uwar da ta rasa 'yarta kada ta tarwatse. A bakin uwar nan gaskiya ce tsantsa, kuma rahama ce. Abin da nake tsoro shi ne yadda mu ma'aikata muke ara daga bakin masu makoki mu rufe fayil da ita. Kwana ya ƙare, sai a naɗe takarda, babu mai zama ya ƙirga leda nawa ta shiga, nawa ta fita. Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma a cikin ƙaddara take. Rufe 'yar tayar nan da buɗe ta duk a cikin hukuncin Allah suke, kuma ɗaya daga ciki aka bar wa yatsana ya zaɓa. Ajalin yarinyar ba za a tambaye ni shi ba. Zaɓin yatsana za a tambaye ni. Kawu ya ce in yi istigfari, in riƙa yi mata addu'a da sadaka, in kuma koyar da na bayana. Ina yi har yau.

Da a ce darasin shi ne a rage ruwa kawai, da abin ya zo da sauƙi, mu sauya wata aƙida da wata. Ba haka ya kasance ba. Manyan gwaje-gwaje 3 da aka yi a Amurka da Ostareliya da Ingila a 2014 da 2015 ba su ga fifikon tsarin Rivers a kan kulawar da aka saba ba. Sannan a 2022 wani gwajin da aka jagoranta daga Denmak, mai marasa lafiya 1,554, ya gwada taƙaita ruwa bayan an ba da na farko, aka tarar mutuwa kusan kashi 42 ce a kowane ɓangare. Wani a Amurka a 2023 shi ma bai ga bambanci ba. Na kuma ga matashin likitan da tsoron cika ruwa ya sa ya bar mutum a bushe, hannu da ƙafa sun yi sanyi, alhali lita ɗaya za ta tashe shi. Shi ma ba mara lafiyar yake kallo ba, abin da ya karanta yake kallo. Ruwan da ya ceci Baba ranar Litinin shi ne yake shaƙe shi ranar Alhamis, ledar iri ɗaya, mutumin ɗaya. Babu lambar da za a rubuta a bango kowa ya huta. Abin da ake da shi shi ne komawa bakin gado kowace awa: a ɗaga ƙafafu a ga ko zuciya za ta amsa, a taɓa gwiwa a ji ɗumi ko sanyi, a saurari huhu, a durƙusa a karanta ledar fitsari a daidai ido. Aiki ne mai gajiyarwa da babu mai sa maka albarka a kansa, domin daga bakin gilashi ba a ganin kana yin komai.

Duk wannan bai yiwu in zuba wa ɗan Baba a tsaye a baranda ƙarfe 2 na dare ba. Sai na ce, "Malam, in tumatirinku ya yi yaushi me kuke yi?"

Ya ce, "Ban ruwa."

Na ce, "In kun ba shi kwana uku a jere, fangali ya cika ruwa ya kwanta, amma ganyen ya ƙara yaushi har ya fara rawaya fa?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Saiwar ce ta shaƙe. Sai a fasa masa hanya ya tsane."

Na ba shi riga da takunkumi na shigo da shi, abin da ba mu cika yi da dare ba. Na yaye zanen daga lafiyayyar ƙafar na ce ya danna ƙaurin da babban yatsa ya ƙirga goma. Da ya ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna tuwo mai ɗumi. Ya tsaya yana kallonsa yana jira ya ciko, bai ciko ba. Ya ce, "Innalillahi. Duk wannan ruwa ne?" Na ce ruwa ne, kuma akwai irinsa a huhu.

Mun riƙe jinin Baba da noradirenalin ta famfon allura, aka haɗa sauran magungunansa a cikin ruwa mafi ƙanƙanta da zai yiwu. Likita ya ba shi Lasix miligiram 60 don a gwada ƙodar. In tana da sauran ƙarfi, ana sa ran fitsari mililita 200 cikin awa 2. Na zauna ina kallon robar, 40 ta bayar. Da safe sinadarin fotasiyam ya hau a jininsa, oksijin da yake buƙata ya ƙaru, aka ce sai wankin ƙoda. Wani babban gwaji na 2020, mai marasa lafiya kusan 3,000 a ƙasashe 15, ya nuna gaggawar kai mutum wankin ƙoda tun babu dalili mai ƙarfi ba ta rage mutuwa, don haka mukan jira. Amma huhun da ya cika kuma magani ya kasa zuƙewa yana cikin dalilan da ba a jira da su. Kuɗin ya fi ƙarfin abin da ke hannunsu. Injin ban ruwan Baba suka sayar. A zaman farko lita 2 kawai aka cire, a hankali, don jininsa ba zai jure fiye da haka ba.

Ƙishin ne ya fi damun matarsa. Tana ji yana kiran ruwa, mu kuma auduga muke jiƙawa mu shafa masa a leɓe. Ranar Juma'a ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar kwalba, ta ce Zamzam ne da maƙwabciyarta ta kawo mata daga aikin hajji, tana ajiye da shi shekara 2. "'Yata, ko wannan ma an hana?" Na ce ba a hana ba, Mama. Na ɗauko sabon sirinji na zuƙo mililita 10, na ba ta a hannunta, na tallafo kansa. Ta riƙa ɗiga masa a gefen harshe tana addu'a, yana haɗiya a hankali, har ya ƙare. Na ɗauki biro na rubuta 10 a layin abin da ya shiga. Ta ce, "Har wannan ma sai kin rubuta?" Na ce duk abin da ya shiga jikinsa sai na rubuta. Ta gyaɗa kai ta mayar da kwalbar bakin zani.

An yi masa wanki sau 3. A kwana na 9 da zuwansa na durƙusa ƙarfe 4 na asuba na ga mililita 15 a ledar fitsari, awa ta gaba 40, ta gaba 90. Ban faɗa wa kowa ba sai da na ga na huɗu. A makon nan ne kuma wani magidanci a gadon da ke kusa da shi, wanda muka bi da shi ta hanya iri ɗaya, muka auna masa komai kamar yadda muka auna wa Baba, ya rasu. Baba ya bar asibiti da rabin tafin ƙafa, fatar hannunsa ta yi laushi ta saki kamar rigar da ta yi masa yawa.

Ranar sallama ɗan ya same ni a baranda da katan ɗin nan a kafaɗa, har yanzu da salatif ɗinsa. Ya ce mai kantin magani ya ƙi karɓa, kuma shi ba ya son ya kai gida. Ya tambaya ko akwai inda ake buƙata. Damina ta fara, ɗakin da aka ware wa masu amai da gudawa ya cika har ƙasa. Na nuna masa ginin da ke bayan tankin ruwa, na ce ya nemi sistar da ke kan aiki ya ce ni na turo shi. Ya gyara katan ɗin ya ɗora a ka, ya ratsa tsakar asibitin yana kauce wa taɓo.